Fitsari bayan tiyatar sauya jinsi

A tiyatar gina farji, ana rage tsawon bututun fitsari daga kusan santimita 20 zuwa kamar 4. Robar fitsari kan kwana biyar zuwa bakwai a jiki. Da an cire ta, fitsarin kan riƙa fantsama saboda kumburi, kuma gajeren bututu na sauƙaƙa wa ƙwayoyin cuta isa mafitsara.

Aikin da ya fi wuya shi ne gina azzakari, inda ake ƙara wa bututun tsawo, galibi da fatar hannu. Matsala takan taso a mahaɗar tsohon bututu da sabo, domin jini bai cika isa wurin sosai ba. Ko dai ɗinkin ya buɗe fitsari ya riƙa yoyo ta fata, ko tabo ya matse hanyar. Shi ya sa ake saka robar fitsari ta fatar mara zuwa mafitsara, a bar ta har makonni. Sabon bututun ba shi da tsoka, sai an matse shi da yatsa daga tushe don ragowar fitsarin ya fita. Gashin fatar hannun da ba a kashe ba kafin tiyata kuwa, tsakuwa yake tarawa a ciki.

Idan fitsari ya sirance ko ya tsaya cak, kada a kwana, a nufi asibiti.