Kasuwar Kalmomi: Yadda Muke Koyar da Turancin Jarrabawa a Kabuga

Ɗakuna biyu da ɗan falo muke haya a Kabuga, nan Kano, ba nisa da tsohon matsugunin Jami'ar Bayero. Bencina, allo, 'yan kwamfutoci da buhun tsofaffin jaridu, su ne jarin. Sana'ata koyar da Turanci ce ga waɗanda jarrabawa ta taso a gaba: 'yan sakandare masu shirin WAEC da NECO, masu neman gurbin jami'a ta JAMB, sai manya, yawanci ma'aikatan jinya da masu son ƙaro karatu a waje, da za su rubuta IELTS, jarrabawar auna Turanci da ƙasashen waje ke nema. Muna yin nahawu, muna yin insha'i, amma abin da ya fi cin lokacinmu da ƙarfinmu shi ne kalmomi.

A JAMB, tambaya 60 cikin 180 ta Turanci ce, sauran darussa uku kowanne 40, kuma awa 2 kacal ake ba yaro a gaban kwamfuta. Wanda yake cin karo da baƙuwar kalma a kowane layi, kafin ya gane me ake tambayarsa lokaci ya tafi. A WAEC kuwa, in babu kiredit a Turanci babu jami'a, komai kyan sakamakon lissafi da kimiyya. Na ga yara masu kaifin basira sun yi shekara da shekaru a gida saboda wannan darasi ɗaya, kuma abin yana ci mini rai.

Iyaye da yawa da buƙata ɗaya suke zuwa. "Malam, so nake yaron nan ya riƙa fasa Turanci, irin wanda sai an buɗe ƙamus." Nakan ce, "Ranka ya daɗe, zai samu manyan kalmomi, amma ba ta hanyar haddar ƙamus ba." Wasu su gamsu, wasu su ɗauke ɗansu su kai inda ake raba jerin kalma ɗari kullum. Hadda baiwa ce da Allah ya yi wa yaranmu, ba na raina ta. Sai dai kalmar da aka haddace ita kaɗai, ba jimla ba labari, ba ta daɗewa a kai, in ma ta daɗe yaro zai ajiye ta inda ba gurbinta ba, mai duba takarda ya ja masa jan biro.

Masana sun riga sun auna girman aikin. Farfesa Paul Nation na ƙasar New Zealand ya nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutu ba tare da taimako ba, sai ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke ciki, kuma littattafan labari da jaridun Turanci na buƙatar sanin iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000, inda kowane iyali kalma ce da rassan da suka fito daga gare ta. Wannan ba aikin wata guda ba ne. Abin da ya rage mana nauyi shi ne jerin da Averil Coxhead ta fitar a shekarar 2000, iyalan kalmomi 570 da ke yawan fitowa a littattafan jami'a, ko na lauya ne ko na kimiyya. Kusan kalma ɗaya cikin kowace goma a irin wannan rubutu daga jerin take. Da shi muke tsara manhajarmu, amma ba ma miƙa wa ɗalibi shi a takarda. A cikin karatu yake haɗuwa da su.

Kowane darasi da karatu yake farawa. Sharhin jarida, labarin noma, rahoton kotu, duk abin da ya samu. Ɗalibi ya ja layi ƙarƙashin abin da bai sani ba, ya fara hasashen ma'ana daga kalmomin da ke kewaye, sannan a buɗe ƙamus a gani ko ya dace. Daga nan ya yanki ɗan kati, ya rubuta kalmar a gaba, a baya kuma cikakkiyar jimlar da ya tsince ta a ciki. Katunan nan ambulan uku muke raba su, bisa dabarar wani Bajamushe, Sebastian Leitner, ta 1972: na farko a duba kullum, na biyu bayan 'yan kwanaki, na uku mako-mako. Kalmar da aka manta ta koma ambulan na farko. Akwai manhajar waya irin su Anki da ke yin wannan aiki, amma yawancin yaranmu wayar ta yaya ce ko ta Umma, kati kuwa ba ya neman caji.

Darasin da na fi so shi ne na saiwar kalma, domin a nan ɗan Islamiyya yake da riba babba da bai san yana da ita ba. Duk wanda ya taɓa sarfu, ilimin juya kalmomin Larabci, ya san kataba, kitabu, katibu da maktaba gida ɗaya suka fito. To manyan kalmomin Turanci ma haka suke, galibinsu daga Latin, Girkanci da Faransanci aka aro su, musamman bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Da na rubuta port a allo na ce ɗauka yake nufi, sai import, export, transport da portable su buɗe wa yaro lokaci guda. Yaran da suka shigo suna ganin Turanci ya fi ƙarfinsu, a wannan darasin suke fara ɗaga hannu.

Sai abokan tafiyar kalma. Mu ma muna cin kasuwa, mu ci jarrabawa, mu sha iska, ba wanda zai ce ya sha jarrabawa. Bature ma make yake haɗawa da decision, commit da crime. Wannan yana cikin abin da ke raba mai maki 6 da mai maki 7 a IELTS, kuma ba ƙaramin bambanci ba ne ga ma'aikaciyar jinya, tunda hukumar yi musu rajista a Birtaniya 7 take nema, in ban da rubutu da ta yarda da 6.5.

Ta fuskar ciniki, sana'ar tana da kaka tana da rani. Daga Janairu zuwa Afrilu ba masaka tsinke, bayan an gama WAEC sai bencina su zama wayam, ajin manya na yamma shi ke biyan haya. Mata suna da nasu ajin da safe, malama ce ke ɗaukarsu. Da azumi komai kafin azahar muke gamawa. Kuɗin makaranta kashi-kashi ake biya, bashi kuma ba ya ƙarewa. Mun sa sola saboda kwamfutocin gwaji. Babban ciwon kai malamai ne: da yawansu masu yi wa ƙasa hidima ne, ka horar da mutum ya gane hanya, shekara na cika ya tafi. Masu zuwa neman satar amsa kuwa, a bakin ƙofa muke sallamarsu.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne uban da zai kawo ɗansa saura mako biyu jarrabawa. Mukan karɓa, mu yi tambayoyin shekarun baya da dabarun kula da lokaci, amma gaskiya nake faɗa masa cewa kalmomi ba za su taru a mako biyu ba. Saboda irinsu ne bana muka buɗe aji na 'yan aji huɗu na sakandare, masu sauran shekara biyu a gaba, a kan rabin kuɗi. Yammacin Alhamis da Juma'a muka sa shi, ranakun da babu Islamiyya, kuma kowane yaro yana tafiya gida da aron littafin labari ɗaya da zai dawo da shi mako mai zuwa tare da katunansa.