Ƙanena ya tsallake gwajin 'yan kwana-kwana

Jama'a ku taya mu murna. Ƙanena ya tsallake gwajin ƙarfin jiki na aikin kashe gobara a Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da ceto ta Saudiyya, nan Makka. Alhamdulillah.

Wasu na cewa an tsananta gwajin. Ni dai ban ga tsanani ba. Ɗan kwana-kwana yana goye da tukunyar iskar numfashi, ga riga mai kauri, ga hular kwano, kayan kan haura kilo 20, a haka zai hau bene cikin hayaƙi, a garin da zafinsa ke wuce digiri 45. In numfashinsa ya gaza a can sama, wa zai sauko da tsohuwar da ta maƙale?

Iyayenmu har yau suna maganar gobarar Mina ta 1997, wadda ta ci alhazai sama da 300. Bayanta aka kawo tantuna marasa kama wuta, amma gidaje da shaguna na nan suna ƙonewa, kuma mutum ne ke kutsawa ciki.

Wata da watanni ƙanen nawa yana fita gudu bayan sallar asuba, Hajiya na bin sa da fatan alheri. Yanzu saura ganawar baki da baki. Don Allah ku sa shi a addu'a.