Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Ake Horar da Masu Aikin Sa-kai a Kebbi

A makon jiya na tsaya daidai inda na shiga aikin horar da shugabannin ƙananan ƙungiyoyi a masarautun Argungu da Gwandu. Yau aikin kansa zan zayyana, domin masu karatu da dama na riƙe da irin waɗannan ƙungiyoyi na taimakon kai da kai.

Abu na farko, wa za a gayyata? Kowace ƙungiya ta turo mutum uku: shugaba da sakatare da ma'aji. Idan shugaba kaɗai ya zo, ilmin a aljihunsa zai ƙare, ran da aka sauke shi ya tafi da abinsa. Kada aji ya wuce mutum 30. A kauce wa ranar kasuwa da lokacin dashen shinkafa da na girbi, kuma a tuna mutanen fadama ba su da hutun rani, noma suke yi. Ajin mata kuwa mace ta koyar, a nemi yardar mazajensu da wuri, a tashi kafin la'asar.

Kafin a raba takardar gayyata sai an gaida uban ƙasa da mai unguwa da liman. "Ranka ya daɗe, ga abin da ke tafe da mu." Wanda ya tsallake wannan, ko da janareto ya zo, kujeru zai yi wa bayani.

Inda ya kamata a kashe rabin lokacin horo shi ne kuɗi, don nan ƙungiyoyi ke mutuwa. Littafi uku ake buƙata: rajistar mambobi, littafin bayanin taro, da littafin kuɗi. Na kuɗin a ja masa layi gida biyar: kwanan wata, bayani, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Kada a tsaya ga allo. A ba kowane ma'aji littafin makaranta da tarin rasit na gwaji, ya shigar da hannunsa, sakatare ya duba bayansa. Nan za ka ga mai haɗa kuɗin wata da gudummawar biki a layi ɗaya, da mai barin shigarwa sai ƙarshen wata ya rubuto daga ka. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, lissafi bai san bambanci ba.

Asusun banki ya zama da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, biyu daga cikinsu su isa a cire kuɗi, saƙon banki kuma ya riƙa shiga waya fiye da ɗaya. Ɓarnar da aka fi gani ba sata ba ce kai tsaye. Kuɗi ne ake turawa asusun shugaba "kafin a buɗe na ƙungiya", ya cire wajen mai POS ya sayi taki da niyyar mayarwa bayan girbi, sai ambaliya ta cinye gonar, kamar yadda ta yi wa manoman shinkafa da yawa a Kebbi a 2020. Daga nan zargi, daga nan a daina zuwa taro. Maganinsa ma'aji ya karanta abin da ya rage a bainar jama'a a kowane zama, a rubuta adadin cikin bayanin taro.

Rajista mataki-mataki ce. Ƙaramar ƙungiya ta fara da sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarta, cikin 21 da jihar ke da su. Mai neman tallafi daga waje sai ta je Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020: a zaɓi amintattu, a rubuta tsarin mulki, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Banki zai kuma tambayi takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Da yawa suna karɓar satifiket su rataye a bango su manta da rahoton shekara-shekara, tara na taruwa.

Sai batun kuɗin mota. A biya abin da mutum ya kashe a hanya, na Kamba ba daidai yake da na cikin Birnin Kebbi ba, a kuma faɗi adadin tun cikin gayyata. Idan ya yi kauri, masu zuwa domin ambulan za su cika ajin, masu aikin su rasa kujera.

Masu taimaka wa asibitin mazaɓa ana ƙara koya musu awon damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59. Ma'aunin launi uku gare shi: ja, rawaya da kore. Ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a tura asibiti ranar. Kuskuren sabon hannu shi ne matse awon, sai yaro lafiyayye ya faɗa rawaya, wato matsakaiciyar tamowa.

Bayan mako shida mai horarwa ya bi su har gida, ba tare da taro ba, ya ce a kawo littafin kuɗi. Idan shigarwar ƙarshe ita ce ta ranar horo, a sake zama da ma'aji da sakatare nan take.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga yadda ake sauya shugabanni ba tare da ƙungiya ta rabu gida biyu ba.