Ciwon da ya zo mini bayan arba'in

A nan Garwa, mai jego ba ta rasa masu kula da ita har ta yi arba'in. Ana dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya, ana dama kunun kanwa, ana gasa nama da yaji. Da an yi arba'in sai a watse, ido ya koma kan jariri. Ni kuwa ciwona, na ƙullin gaban wuya da ake kira tayirod, sai bayan an watse ya zo.

Ɗana na fari bai daɗe da fara wayo ba na soma jin zuciyata na bugawa kamar zan yi gudu, alhali ina zaune gaban keken ɗinki. Hannu na rawa har zare ya ƙi shiga allura. Ga gumi, ga rama, ga saurin fushi. Goggo ta ce zafin Garwa ne da shayarwa. Bayan 'yan makonni abin ya lafa, muka ce an wuce wurin.

Sai ya dawo ta wata fuska. Sanyi nake ji cikin bazara, ina neman mayafi mutane na neman inuwa. Fata ta bushe, gashi na zuba a mataji, ciki ya ɗaure, jiki ya yi nauyi, nono ya ja baya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mantuwa da kuka ba dalili. Aka ce ƙarancin jini, aka ce iska, har sammu an ambata, kuma duk masu faɗin masoyana ne.

Wata malamar asibiti ce, ranar rigakafin yaro, ta dube ni da kyau ta ce, "'Yar uwa, haɗiyi yawu in gani." Ta ɗora yatsu biyu a gindin wuyana, ta ji ɗan kumburi, ta tura ni gwajin jini na TSH da T4, masu nuna yadda ƙullin wuyan ke aiki.

Likita ya ce tayirod ɗina ne, wato ƙullin nan na gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Garkuwar jiki tana lafawa lokacin ciki, bayan haihuwa sai ta farfaɗo, a wasu mata ta far wa ƙullin. Da farko sinadarin da ya tara ya kwarara cikin jini, bugun zuciyar nan ke nan. Idan ya ƙare sai a shiga ƙaranci, galibi tsakanin wata 4 zuwa 8 da haihuwa. Kusan mace 1 cikin 20 na gamuwa da shi. Yawanci suna warwarewa cikin shekara ko shekara da rabi, wasu kuma ya zauna musu. Ina cikin na biyun.

Ƙwayar Levothyrox, mai maye gurbin sinadarin da ya yi ƙaranci, aka rubuta mini, ƙarama ce ƙwarai amma tana da sharaɗi. Da asuba ake sha, ciki ba komai, da ruwa zalla, a jira rabin awa ko awa kafin kunu ko shayi. Maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi suna hana ta shiga jiki, don haka sai an raba su da awa 4. Wannan nake so masu ciki su riƙe, tun da kusan kowaccenmu ana ba ta ƙwayar ƙarin jini a awo. Ba ta hana shayarwa. Da azumi nakan tashi kafin kowa in sha, sannan in ɗora sahur.

Gishiri ma na sake masa ido. Tun 1991 Kamaru ta wajabta sa aidin, wanda tayirod ke buƙata don yin sinadarinsa, a gishirin ci, amma manda da kanwa ba sa maye gurbinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki da mai shayarwa na buƙatar maikirogiram 250 a rana, sauran manya 150. Nawa ciwon ba rashin aidin ya kawo shi ba, duk da haka na leda mai tambari nake saye, in rufe shi a gwangwani nesa da murhu.

Da na sami ciki na biyu ban jira watan fara awo ba. A farkon watanni ɗan tayi bai da nasa sinadarin tayirod, na uwa yake sha don ginin ƙwaƙwalwa. Likita ya ƙara mini ƙwayar tun makonnin farko, aka riƙa gwaji kusan duk wata har ciki ya yi rabi. Kuɗin gwajin ya ci mu, maigida ya ware shi tun kafin a yi maganar ragon suna. Bayan na sauka aka mayar da ni kan adadin ƙwayar da nake sha kafin ciki, aka sake ɗibar jini a mako na 6.