Godiya ga waɗanda suka fitar da ni daga rikicin jadawali

Alhamdu lillahi, a jiya na miƙa jadawalin alawus na ma'aikatan sashenmu bayan na kwana uku ina fama da shi a manhajar lissafi ta Excel, kuma ya zama wajibi a kaina in fito fili in gode wa waɗanda suka tsaya mini.

Kuskuren daga wajena ya fito. Na ajiye kason da ake cirewa a gurbin B1, na rubuta =C4*B1 a gurbin D4, wato fomular da za ta ninka kuɗin da ke C4 da kason, amsa ta fito daidai, sai na ja fomular zuwa ƙasa har ƙarshen sunaye. Ban san cewa adireshin gurbi yana tafiya tare da fomula duk inda aka kwafe ta ba. A layi na 5 ta koma =C5*B2, da yake B2 babu komai a ciki sai ta ba da sifili, a layi na 6 kuma ta ci karo da rubutun kanu ta nuna alamar kuskure ta #VALUE!. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne daga layi na 7 zuwa ƙasa, inda ta riƙa ninka kuɗi da lambar ma'aikaci ba tare da wani gargaɗi ba, alhali haƙƙin mutane ne a ciki.

Godiyata ta farko ga babbar abokiyar aikina, wadda ta bar nata aikin ta ja kujera kusa da ni. Malama, ba ki karɓi linzamin kwamfutar daga hannuna ba, kin ce ni zan gyara da kaina. Kin sa na buɗe fomulolin a fili, muka bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin biro a kan allon kwamfuta, har na ga yadda B1 ke zamewa. Sannan kika ce in danna F4, adireshin ya koma $B$1, kika bayyana mini cewa alamar dala turke ce: idan tana gaban harafi ta ɗaure harafin, idan tana gaban lamba ta ɗaure layin. Shi ya sa B$1 da $B1 ba abu ɗaya ba ne, kuma a ganina wannan bambancin ya kamata a fara koya wa duk mai shiga wannan aiki. Ko da na goge wani layi cikin gaggawa, alamar kuskure ta #REF! ta bazu a ko'ina, ba ki ɗaga murya ba, kin ce in danna Ctrl da Z kawai don layin ya dawo.

Ina kuma gode wa shugaban sashenmu da ya ƙara mini kwana biyu, da ƙanina da ya zauna da ni har dare yana karanto alƙaluma ina gwada su da kalkuleta. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya biya muku bukatunku. Malama, gurbin B1 yanzu na raɗa masa suna Kaso kamar yadda kika ba ni shawara, kuma jadawalin wata mai zuwa zan kawo miki ki duba kafin in miƙa.