Injin jirgi na mutuwa a ruwa, ba kullum ne laifin kafireta ba

Abin da ke ba ni haushi da masu jirgin inji a bakin kogin Kaduna shine da zarar inji ya fara tari ko ya tashi ya yi minti biyar ya mutu sai kaji an ce kafireta ce, a kwance ta. Nan a kan yashi za a baje ta, a hura jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikinta, da baki, wani lokacin ma ɗan sukuru ya faɗi ya ɓace, a mayar a ja igiya, inji ya sake mutuwa daidai inda ya mutu ɗazu. Alhali fetur kafin ya iso kafireta tafiya ce yake yi tun daga tanki, kuma a hanyar nan yawanci yake maƙalewa.

Ni dai daga murfin tanki nake farawa. Akwai ɗan sukurun iska a samansa, ana ɗaure shi in za a ɗauki tanki kar mai ya zube, sai a manta ba a sassauta ba. Inji na zuƙar mai iska ba ta shiga, to dole ya shaƙe, kamar ka kifa jarka ka toshe mata numfashi. Da hunturu ma ko a buɗe yake ƙura na iya cika ramin. In ka buɗe murfi kaji iska ta yi fuuu, an gama bincike.

Sai robar nan baƙa da ke tsakiyar tiyo wadda ake matsawa kafin a tada inji. Wallahi ita ce babbar mai ba da shaida amma ba a tambayarta. Duba ta lokacin da inji ya mutu. In ta lotse ta manne, abin da ya toshe yana bayanta ne, ɓangaren tanki, ko ramin iska ko bututun cikin tankin ko tiyo ya lanƙwashe ƙarƙashin buhu ko ƙafar fasinja. In kana matsawa ta ƙi yin tauri, to ko iska na shiga ta wani tsagu, ko bawul ɗin cikinta ya mutu, ko allurar kafireta ba ta rufewa mai na malala, wannan kam hancinka zai gaya maka. In kuma inji na shirin mutuwa ka matsa ta ya farfaɗo, ka saki ya sake laushi, ka zama kai ne famfon kenan, sai a duba famfon mai na jikin inji ko inda iska ke kutsawa. Akwai kibiya a jikin robar, inji take kallo ba tanki ba. Na taɓa ganin jirgin wani kawuna an sa masa sabuwa a juye, yana ta faɗa wai jabu aka sayar masa, na ce Kawu don Allah ba ni in gani, muka juya ta kawai.

Ranar Kaduna ba ta barin tiyo, waje ya tsattsage ciki ya riƙa ɓarewa yana toshe filta. Kar a ɗaure da roba ko waya, a je kasuwar Panteka a samo tiyon fetur na gaske da kilif. Kan da ake maƙalawa a inji shi ma akwai ƴar zoben roba a ciki, in ta cinye iska za ta shiga ko ɗigon mai ba ka gani ba.

Yanzu maganar man kansa. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 mutane sun koma sayen lita biyu lita uku wajen ƴan bumburutu, jarkar da ta kwana a ruwan sama, ga damina ga tanki a buɗe cikin jirgi. Cire ɗan kofin filta da ke ƙarƙashin murfin inji ka juye a gorar ruwa fara ka ajiye, ruwa ya fi fetur nauyi zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka. In akwai, a zubar da na tanki gaba ɗaya a wanke, ba a ƙara sabo a kai ba. Wanda ya tuna gurɓataccen man nan mai metanol na farkon 2022 ya san ko na gidan mai ba a rantsuwa a kansa.

Haɗin fetur da man inji kuma, Yamaha Enduro 40 da aka fi gani a ruwanmu 50 da 1 take so, wato lita 25 rabin litar man haɗi, kuma na injin ruwa mai TC-W3 a jiki, ba na babur ba balle baƙin man mota. Abin da mutane ba sa lura shine a irin wannan injin man haɗin cikin fetur yake tafiya, in fetur ya yi ƙaranci to shafawar ma ta yi ƙaranci. Shi ya sa in inji na yin ƙasa-ƙasa in ka ba shi totur, kar ka ce bari in lallaɓa in kai gaɓa da ƙarfi, fistin zai iya kamawa. Rage wuta, ɗauko filafili, musamman Agusta da Satumba da ruwa ke cika yana jan jirgi wajen duwatsu.

Famfon mai kuwa, ledar cikinsa ce ke hujewa, alamarta fulogi ɗaya ya riƙa jiƙewa yana baƙi ɗayan lafiya lau. In duk wannan ya fita fes, to yanzu a zo kan kafireta. Fara kwance sukurun ƙasanta ka matsa roba ka ga ko mai na fitowa da kyau. In dole sai an buɗe, a kan tire mai tsabta, a wanke jet da fetur a hura da iska, ban da zura waya don ramin na faɗaɗa inji ya koma shan mai. Kuma in za a gwada, ƙafar injin ta kasance cikin ruwa ko a durom ne, robar famfon ruwa ba ta jure ko daƙiƙa kaɗan a bushe.