Matan Cincero da saƙarsu ta ƙugu

Duk wanda ya ce zai je Peru to Macu Picu, tsohon garin daular Inka da ke kan tsauni, ne a bakinsa, ni kam abin da ya fi tsaya min a rai matan garin Cincero ne da saƙarsu. Amma fa kafin a kai can sai ka lallaɓa Kusko tukuna, garin yana sama da teku da wajen mita 3,400, iska ba ta isar mutum, ɗan bene za ka hau sai haki ga ciwon kai. A otal shayin ganyen koka suke ba baƙi, yana ɗan taimakawa, amma ranar farko ka kwanta kawai, kar ka sauko daga jirgi ka ce yawo za ka.

Cincero ta ma fi Kusko bisa, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota. Akwai tsohon coci da Turawan Sifaniya suka ɗora a kan ginin fadar sarkin Inka Tupak Yupanki, har yanzu kana ganin duwatsun Inka a ƙasa, na leƙa na wuce.

Wajen masaƙan ne na yi zaman dirshan. Wata dattijuwa ta kankare wata saiwa da suke kira sakta a ruwa, sai ga kumfa, da ita ta wanke gashin tunkiya ya fito fari tas. Sannan ta ɗauko wani ɗan ƙwaro fari-fari da ke rayuwa jikin wani tsiro mai ƙaya, ta murje shi a tafin hannu, wallahi ja wur, ta ɗiga lemon tsami a kai nan take launin ya koma ruwan goro. Kaɗi kuwa da mazari suke yi irin na kakanninmu, sai dai su suna tafe suna hira mazarin na juyawa a iska. Masaƙar kanta ba wani katako mai yawa, gefe ɗaya a ɗaure jikin turke, ɗayan a ɗaure da ɗamara a ƙugunta, in ta jingina baya zaren ya ɗame in ta sunkuya ya saki, kuma ba takarda ba zane a gabanta, da yatsu take ƙirga zaren tana tsinto su ɗaya bayan ɗaya da ka. Na ce bari in gwada, yatsuna suka harɗe, suka yi ta dariya suna magana da yarensu Kecuwa.

A nan na gane me ya sa sarakunan Inka suka fifita tufar kumbi, wato saƙarsu mafi daraja, a kan zinariya, da ita suke yi wa manya kyauta, hatta lissafin haraji da ƙidayar jama'a a ƙulle-ƙullen zare suke ajiyewa, ana ce musu kipu. Su Fizaro, jagoran mayaƙan Sifaniya, da suka zo a 1532 zinariyar kawai suka hango.

Wajen saye ka yi hattara, kasuwar Kusko cike take da kayan inji ana ce maka na gashin alfaka ne, wata dabbarsu mai gashi mai laushi. Na gaske yana da ɗan nauyi da sanyi-sanyi a hannu, na roba sheƙi ne da arha. Ni a cibiyar masaƙan gargajiya da Nilda Callañaupa, 'yar Cincero, ta kafa a 1996 na saya, da tsada kam, amma mayafin da aka yi makonni ana saƙawa ban ga fuskar yin ciniki sosai ba. Kuma ka riƙe canji na kuɗinsu sol, in za ka ɗauki mace hoto ka nemi izini tukuna.